FASHIN BAƘI: Yadda ake karanta takardar bayanan kafasita kafin a sauya wadda ta mutu

Talabijin da ta ƙi kamawa, dikodar da ke ɗaukewa tana dawowa, inbatar da ke ƙara ba ta ba da wuta: sau da yawa abin da ya lalace a cikinsu ba ya wuce wata 'yar gwangwani mai girman kan yatsa, wadda ake kira kafasita. Farashinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na na'urar da take ciki, amma mutuwarta kan sa a jefar da na'urar ɗungurungum.

Sauya ta ba ya da wuya ga mai gyaran da ya san aikinsa. Wahalar tana wajen zaɓe. Kafasitoci biyu na iya ɗaukar lamba iri ɗaya a jikinsu, ɗaya ta yi shekara tara tana aiki, ɗayar kuma ta kumbura kafin shekara ta zagayo. Bambancin yana rubuce a takardar bayanai da kowane kamfani ke fitarwa kyauta a shafinsa na intanet, wadda masu sana'ar ke kira datashit. Wannan bayani ya bi abubuwan da ke cikin takardar ɗaya bayan ɗaya, domin amfanin mai gyara, da kuma mai kayan da ke son sanin abin da aka saka masa.

Mece ce kafasita mai ruwan sinadari?

Kafasita ma'ajiya ce ta wutar lantarki ta ɗan lokaci. Tana cika idan wuta ta yi sama, ta saki abin da ta tara idan wutar ta yi ƙasa, ta haka take daidaita wutar da ke isa ga sassan na'ura masu laushi. Asalinta yana komawa ga kwalbar Leyden da aka ƙirƙira a Turai tsakanin 1745 da 1746. Ma'aunin girmanta kuwa, farad, an raɗa masa sunan masanin Ingila Michael Faraday. Da yake farad ɗaya yana da girma ƙwarai, ana amfani da kashi ɗaya cikin miliyan nasa, wato maikrofarad, mai alamar µF.

Nau'in da ake magana a kai shi ne na alminiyam mai ruwan sinadari, wanda Karol Pollak ɗan ƙasar Foland ya yi wa rajistar mallaka a 1896. A cikin gwangwanin akwai fallayen alminiyam biyu sirara, da takarda a tsakaninsu da aka jiƙa da ruwan sinadari, an naɗe su kamar tabarma, an toshe bakin da roba. Ɗaya daga fallayen yana da wata fata ta tsatsar alminiyam mai matuƙar siranta, kuma ita ce ke hana wuta tsallakawa. Sirantar wannan fata ce ke ba wa kafasitar damar ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki.

Rauninta yana cikin ruwan. Yau da gobe ruwan yana ƙafewa ta bakin robar, zafi kuma yana hanzarta ƙafewar. Saboda haka kafasita mai ruwa tana da wa'adi tun daga ranar da aka ƙera ta, kamar yadda taya ke da wa'adi a mota.

Kafasitar fanka da ta injin jan ruwa, wadda mutane suka fi sani, yawancinta wani nau'i ne daban. Tana aiki kai tsaye da wutar gida, ba ta da ƙafar tarawa da ta ɗebewa, ana kuma rubuta VAC a jikinta. Ba a saka ɗaya a gurbin ɗaya.

Fara da abin da ke jikin tsohuwar

Kafin a buɗe kowace takarda, ana rubuta abubuwa shida daga jikin kafasitar da ta mutu: girmanta a µF, ƙarfin wutar da take ɗauka a V, ma'aunin zafi, suna ko tambarin kamfani, haruffan jeri, da faɗi da tsawonta a milimita.

Haruffan jeri su ne aka fi mantawa da su, alhali su ne mabuɗin takardar. Haruffa ne biyu ko uku, kamar FR da FM na Panasonic, PW da HE na Nichicon, ZL da YXF na Rubycon, ko KY da KZE na Nippon Chemi-Con. Kowane jeri an ƙera shi ne domin wani aiki. Idan aka haɗa sunan kamfani da waɗannan haruffa a manhajar bincike, takardar jerin za ta fito. Shafinta na farko yana ɗauke da siffofin jerin gaba ɗaya, shafukan da ke biye kuma jadawali ne mai layi guda ga kowace kafasita.

Girma

Ƙa'idar farko ita ce a mayar da girman da aka cire. Lambobin da aka fi samu a kasuwa suna bin tsari ɗaya: 10, 22, 33, 47, 68, 100, 220, 330, 470, 680, 1000, haka har sama.

Takardar tana nuna iyakar saɓani, wadda a wannan nau'i yawanci kashi 20 cikin ɗari ce sama ko ƙasa, ana kuma yi mata alama da harafin M. Ma'ana, sabuwar kafasita mai 1000 µF na iya auna 800 ko 1200 kuma lafiyarta ƙalau. Kamfanoni na yin wannan awo a 120 Hz da zafin digiri 20, don haka mitar mai gyara na iya nuna ɗan bambanci.

A wurin tace wuta, ƙarin girma da mataki ɗaya, kamar daga 820 zuwa 1000, ba kasafai yake kawo matsala ba. Amma ninka girman yana sa na'ura ta ja wuta mai yawa a daidai lokacin kunnawa, abin da kan ƙona fis ko sassan da ke miƙar da wuta. A wuraren da kafasita ke ƙayyade lokaci ko tace sauti, ba a canza girman ko kaɗan.

Ƙarfin wuta

Lambar da ke da V ita ce iyakar ƙarfin wutar da kafasita za ta jure tana aiki kullum. Matakanta sanannu ne: 6.3, 10, 16, 25, 35, 50, 63, 100, har zuwa 400 da 450. Ana iya hawa sama, ba a saukowa ƙasa. Kafasita mai 25 V na iya zama a gurbin mai 16 V muddin ta shiga wurin, amma mai 10 V a gurbin mai 16 V tana iya fashewa.

A nan akwai lissafin da ya shafi Najeriya, Nijar da Ghana kai tsaye. Wutar gida a waɗannan ƙasashe ta kai 220 V zuwa 230 V ce. Idan aka miƙar da 230 V a cikin na'ura, ƙololuwarta tana kai kimanin 325 V, domin ana ninka lambar da 1.414. Wannan ne dalilin da babbar kafasitar da ke mashigar wuta take ɗauke da 400 V ko 450 V. Idan janareta ko taransifoma ta turo 280 V, ƙololuwar ta kusa 396 V, wato bakin iyakar mai 400 V. Inda wuta ba ta da tabbas, mai 450 V ta fi kwanciyar hankali.

Kayan da aka shigo da su na hannu daga Amurka, inda wutar gida take 120 V, wasu na ɗauke da kafasita mai 200 V a mashiga. Irin wannan na'ura ba ta jure wutar yankin nan sai da taransifomar rage wuta.

Takardar kan nuna wata lamba ta biyu da ta ɗan ɗara ta farko, wadda ke nufin tsallen wuta na 'yan daƙiƙoƙi. Ba a dogara da ita wajen zaɓe.

Zafi da tsawon rai

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci ga ƙasa mai zafi. A jikin kafasita ana rubuta 85°C ko 105°C, wasu kaɗan 125°C. A takardar kuma akwai adadin sa'o'i, kamar 1000, 2000, 5000 ko 10,000. Lambobin biyu tare ake karanta su: sa'o'i 2000 a 105°C na nufin kafasitar za ta yi wannan adadi tana aiki a wannan zafi kafin ta fita daga iyakokin da kamfani ya gindaya. Iyakokin suna rubuce a wurin, galibi sauyin girma da bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba, da asarar wuta da ba ta wuce ninki biyu ba.

Sa'o'i 2000 ba su kai wata uku ba, amma ba a nan lissafin ya tsaya ba. Kamfanoni na amfani da wata ƙa'ida da ta samo asali daga binciken masanin sinadarai ɗan Suwidin Svante Arrhenius: duk ragin zafi na digiri 10 yana ninka ran kafasita sau biyu.

A ɗauka cikin wata na'ura ya kai digiri 65, abin da ba ya da wuya a ɗakin da babu sanyaya a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ke haura digiri 40. Kafasita mai sa'o'i 2000 a 85°C ta sami ragin digiri 20, wato ninki huɗu, sa'o'i 8000. Shekara ɗaya tana da sa'o'i 8760, don haka ba za ta cika shekara ba a na'urar da ba a kashewa, kamar inbata ko cajar sola. Mai sa'o'i 2000 a 105°C ta sami ragin digiri 40, ninki 16, sa'o'i 32,000, sama da shekara uku da rabi. Mai sa'o'i 5000 a 105°C kuwa ta kai 80,000, kimanin shekara tara. Duka ukun na iya ɗaukar 1000 µF da 16 V a jikinsu.

Lissafin ƙiyasi ne, kuma kamfanoni da dama na tsayar da shi a shekara 15 saboda robar bakin tana tsufa ko da ruwan bai ƙafe ba. Amma darasinsa a fili yake: ana iya saka mai 105°C a gurbin mai 85°C, ba a yin akasin haka.

ESR: turjiyar cikin gida

Babu kafasitar da ke karɓa da sakin wuta ba tare da turjiya ba. Ruwan, takardar da fallayen duk suna ɗan riƙe wutar. Ana kiran wannan turjiya ESR, ana auna ta da om. Yayin da ruwan ke ƙafewa ESR yana hawa, sau da yawa tun kafin girman ya ragu. Shi ya sa kafasita kan auna daidai a mitar girma alhali ta mutu, kuma shi ya sa mitar ESR take da daraja a teburin mai gyara.

Takardun jerin da aka yi wa aikin yau da kullum ba sa rubuta ESR kai tsaye. Suna ba da wata lamba mai alamar tan δ a 120 Hz. Ana iya fitar da ESR daga gare ta: a raba tan δ da sakamakon ninka 6.28 da 120 da girman kafasita a farad. Mai 1000 µF da tan δ na 0.16 tana da ESR kimanin om 0.21 a wannan saurin.

Takardun jeri mai ƙaramar turjiya kuwa suna da ginshiƙi na musamman mai nuna turjiya a 100 kHz, galibi da alamar Z. Ganin wannan ginshiƙi kaɗai ya isa shaida cewa an yi jerin ne domin na'urorin ba da wuta na zamani, irin na talabijin mai faɗi, kwamfuta da caja, waɗanda ke kunnawa da kashewa sau dubun-dubata a daƙiƙa. A mafitar irin waɗannan na'urori, sabuwar kafasita dole turjiyarta ta yi daidai da ta tsohuwar ko ta ɗan gaza ta. Saka ta yau da kullum a wannan gurbi shi ne babban dalilin da na'ura ke dawowa shago bayan 'yan watanni.

Ragewar ma tana da iyaka. Wasu tsofaffin sassan daidaita wuta an tsara su ne da wata turjiya a zuci, idan ta yi ƙasa da yawa sai wutar ta fara rawa. Don haka ba a saka kafasita mai daskararren sinadarin folima, wadda turjiyarta ke da ƙanƙanta ƙwarai, a gurbin mai ruwa sai an san tsarin fanel ɗin.

Kaɗawar wuta

Wutar da ke shiga da fita kafasita a kowane zagaye ita ce kaɗawar wuta, takardar kuma tana nuna iyakarta a mA. Wannan wuta tana ratsa ESR ta haifar da zafi a ciki. Zafin yana daidai da ninka wutar da kanta, sannan a ninka da ESR. Amfiya ɗaya a turjiyar om 0.05 tana ba da wat 0.05, a turjiyar om 0.5 kuma wat 0.5, ninki goma a cikin gwangwani ɗaya. Zafi yana ƙafar da ruwa, ƙafewa tana ɗaga ESR, ESR yana ƙara zafi, haka har kan gwangwanin ya kumbura.

Sabuwar kafasita dole ta jure kaɗawar da ta kai ta tsohuwar ko ta fi. Tarkon da ke nan shi ne saurin da aka yi awon. Wata takarda tana ba da lambar a 120 Hz, wata a 100 kHz, kuma ba a kwatanta su kai tsaye. Kowace takarda tana da ƙaramin jadawalin lambobin ninkawa domin mayar da awon zuwa wani saurin. Ƙasashen da wutarsu ke kan 50 Hz, irin Najeriya, kaɗawar mashigarsu 100 Hz ce, ƙasa kaɗan da 120 Hz na takardar, don haka juriyar takan ɗan ragu.

Yoyon wuta da zaman ajiya

Kowace kafasita mai ruwa tana ɗan yoyon wuta. Takardu da yawa na rubuta iyakar a matsayin 0.01CV ko 3 µA, duk wanda ya fi yawa, bayan minti biyu da haɗa wuta. Ga mai 1000 µF da 16 V, iyakar 160 µA ce. Lambar ta fi muhimmanci a na'urori masu batir da masu ƙidayar lokaci.

Dogon zama ba tare da wuta ba yana raunana fatar tsatsar, yoyon ya ƙaru. Kamfanoni na ba da shawarar ajiya a wuri mai sanyi da bai wuce digiri 35 ba. Kafasitar da ta shekara da shekaru a shagon kwano tana iya zama sabuwa a ido, tsohuwa a aiki. Lambar kwanan ƙira da ke jikinta tana taimakawa, takardar kamfani kuma tana bayyana yadda ake karanta ta.

Jiki da ƙafafu

Jadawalin yana nuna faɗi da tsawo, kamar 10×20. Tazarar ƙafafu tana bin faɗi: milimita 2.5 ga mai faɗin 6.3, 3.5 ga mai 8, 5 ga mai 10 da 12.5, sai 7.5 ga mai 16 da 18. Idan tazarar ba ta dace da ramukan fanel ba, lanƙwasa ƙafafu da ƙarfi yana tsaga robar bakin, ruwan ya sami hanyar fita. Tsawo ma abin dubawa ne a talabijin sirara, domin kan gwangwanin yana da tsagar da aka yi don ta buɗe idan iska ta taru, kuma tana buƙatar ɗan fili a sama.

A kafasitar alminiyam, zanen da ke gefe yana nuna ƙafar ɗebewa, doguwar ƙafa kuma ita ce ta tarawa. A ta tantalam mai kwanciya a fanel akasin haka ne, zanen yana nuna ta tarawa. Juya ƙafafu yana fasa kafasita.

Babbar kafasitar mashiga tana riƙe wuta bayan an cire na'ura daga soket. Mai 470 µF a 325 V tana ɗauke da kusan jul 25, wanda ya isa ya yi mummunan lahani. Ana sauke ta ta hanyar rezista, a auna da mita, kafin hannu ya taɓa fanel.

Darasin annobar kafasita

Tsakanin 1999 da 2007 duniya ta ga abin da aka laƙaba wa suna annobar kafasita, lokacin da kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa da kumburarrun kafasitoci. A 2003 mujallar IEEE Spectrum ta ruwaito zargin cewa an saci tsarin haɗa ruwan sinadari, aka kwafe shi ba cikakke ba, ya isa hannun wasu masana'antu a Taiwan. Ruwan ya rasa sinadaran da ke hana shi cin alminiyam, sai iskar haidirojin ta riƙa taruwa a gwangwani. A wata matsalar kafasita ta wannan zamani, kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 domin gyaran kwamfutocinsa samfurin OptiPlex.

Abin da hakan ya nuna shi ne rubutun jikin gwangwani ba shaida ba ne. Jabu na yawo a kasuwannin duniya, har an sha samun ƙaramar kafasita ɓoye a cikin babban gwangwani. Takardar bayanai tana taimakawa wajen tona asiri. Idan haɗin girma da ƙarfin wutar da ke jikin kafasita babu shi a jadawalin jerin, ko faɗi da tsawonta sun saɓa wa na jadawalin, ko tambarin tsagar kanta ya bambanta da na kamfanin, akwai dalilin yin shakka. Kafasitar da babu takardarta ko'ina ba ta ɗauki alkawarin komai ba.

Abin da ya wuce teburin mai gyara

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya nuna duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Kowace na'ura da aka ceto da kafasitar kirki ta rage wannan tsibi, ta kuma rage kuɗin waje da ake kashewa wajen shigo da sabuwa.

Wasu ƙasashe sun mayar da batun doka. Faransa ta fara tilasta liƙa makin sauƙin gyara a kan wasu kayan lantarki a Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024. A Najeriya, hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, NESREA na kula da sharar lantarki, FCCPC kuma na kare haƙƙin masu saye. Ingancin 'yan ƙananan kayan gyara da ake sayarwa daga kasuwar Alaba ta Legas zuwa Sabon Gari ta Kano yana cikin abin da ya dace a riƙa tambayarsu a kai, domin kafasita ta jabu tana cin kuɗin mai kaya sau biyu, tana kuma zubar da mutuncin mai gyaran da ya saka ta bisa rashin sani.

Taƙaitaccen jerin dubawa

- Girma: daidai da na tsohuwar.
- Ƙarfin wuta: daidai ko sama.
- Zafi: 105°C a duk inda zai yiwu, da sa'o'i mafi yawa.
- ESR: daidai ko ƙasa kaɗan, an auna a sauri ɗaya.
- Kaɗawar wuta: daidai ko sama, bayan duba jadawalin ninkawa.
- Faɗi, tsawo da tazarar ƙafafu: su dace da fanel.
- Kamfani da jeri: a same su a takarda, siffarsu ta dace da jadawali.

Idan kafasita ɗaya ta kumbura, 'yan uwanta na jeri ɗaya da ke kusa da ita sun sha zafi iri ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, don haka ana sauya su tare. Mai kaya kuma yana da haƙƙin a nuna masa waɗanda aka cire, a faɗa masa kamfani, jeri da ma'aunin zafin waɗanda aka saka, kafin ya biya.